Man titiri na shafawa ne, ba na sha ba

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na karanta saƙonki, kin ce kin sayi ƙaramar kwalbar man nan da aka rubuta Tea Tree Oil a jikinta, wanda mata suke kira man titiri, a wajen wata mai haɗa kayan gyaran jiki, ta ce miki yana maganin kurajen fuska da amosanin kai da sanyi, har ta ce ki ɗiga uku a ruwan ɗumi ki riƙa sha da safe, sannan ki shafa wa yaronki ɗan shekara biyar a makeron da ya fito masa a ka. Kina son sanin ko gaskiya ne, kuma yaya ake amfani da shi.

Kafin na ce komai, dan Allah in kin fara shan nan ki daina daga yau, ko ɗigo ɗaya kar ya ƙara shiga cikinki. Ni aikina harhaɗa magunguna ne, na daɗe a kai, kuma man nan ina sayar da shi ina kuma ba mutane shawarar amfani da shi, to kinga ba wai ƙinsa nake ba. Mai ne mai amfani, amma amfaninsa a kan fata ya tsaya, a fatar ma sai an sirka shi. Da ya wuce maƙogwaro guba ne, wannan babu saɓani a kai.

Bari na fara da asalinsa, saboda sunan kansa yana ruɗa mutane. Da yawa in sun ji an ce titiri, tunda tea a Turanci shayi ne, sai su zaci daga ganyen shayi ake yinsa, daga nan ne ma tunanin sha yake shigowa, wai ai shayi ne. Wallahi ba su haɗa komai da shayin da muke sha ba. Bishiya ce da masana ke kira Melaleuca alternifolia, asalinta ƙasar Ostareliya, a wuraren fadama na arewacin jihar New South Wales da kudancin Queensland, ganyenta sirara ne kamar allura. Danginta ɗaya da gwaiba da kanumfari, shi ya sa in kin shinshina za ki ji ƙamshin yana da kaifi, yana hawa hanci kamar kafur. Mutanen asali na wannan yankin, 'yan ƙabilar Bundjalung, tun da can suna murje ganyen su ɗora a kan rauni ko su shaƙa in mura ta kama su. A shekarun 1920 wani masanin sinadarai a birnin Sidni na Ostareliya mai suna Arthur Penfold ya gwada man ya ba da rahoton cewa yana kashe ƙwayoyin cuta, daga nan aka fara kasuwancinsa, da aka samu su fenisilin sai aka yi watsi da shi na wani lokaci, sai a shekarun 1970 da 1980 kuma ya dawo har aka fara noman bishiyar a gonaki. Yanzu bayan Ostareliya ana nomanta a Sin da Kenya da Afirka ta Kudu.

Yadda ake fitar da shi kuwa turara ganyen ake yi da tururin ruwa, tururin ya kwaso man, a sanyaya shi sai man ya taso saman ruwa a kwashe. Kilo 100 na ɗanyen ganye da ƙyar yake ba da kilo 1 zuwa 2 na mai. Ki tsaya ki duba wannan lissafin da kyau, 'yar kwalbar mil 10 da ke hannunki ƙarfin tulin ganye ne aka matse a ciki, ba irin man zaitun ko man kwakwa ba ne da za ki tsiyaya a tafin hannu ki mulke jiki. A cikinsa akwai sinadarai kusan 100, amma jigon aikin guda ɗaya ne, sunansa terpinen-4-ol, shi ne yake lalata bangon ƙwayar cuta ta mutu, ko bakteriya ce ko fangas, wato irin ƙwayar da ke kawo makero. Ƙa'idar duniya da ake auna man da ita, ISO 4730, ta ce mai kyau sai wannan sinadarin ya kai kashi 35 zuwa 48 cikin ɗari.

To yanzu kurajen fuska, wanda nan ne ya fi hujja. A 1990 an yi wani gwaji a Ostareliya da mutum 124, aka ba rabi man titiri mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, rabi kuma aka ba su benzoyl peroxide mai kashi 5, wato maganin kurajen da muke da shi a kemis. Dukansu kurajen sun ragu, sai dai titiri ya fi jinkirin fara aiki, amma kuma masu shafa shi ba su sha fama da bushewar fata da zafi da ɓarewa kamar ɗaya ɓangaren ba. A 2007 an sake wani a Iran da mutum 60 na kwana 45, nan ma ya fi man da babu magani a ciki nesa ba kusa ba. Amma ki lura da abu biyu, kashi 5 aka yi amfani da shi ba tsantsa ba, kuma kurajen masu sauƙi ne zuwa matsakaita. Irin manyan nan masu tauri a ƙarƙashin fata, masu ciwo, masu barin rami in sun tafi, titiri ba zai iya da su ba, ɓata lokaci ne kawai fuska tana ƙara lalacewa, wannan na likitan fata ne.

Ga yadda za ki haɗa. Ƙaramin cokalin shan magani mil 5 ne, kusan ɗigo 100 kenan, saboda haka ɗigo 5 na titiri a cokali ɗaya na abin sirki shi ne kashi 5. Ni dai ba na barin kowa ta fara daga nan, ɗigo 2 a cokali nake cewa a fara, a yi sati a ga yadda fata ta karɓa sannan a ƙara. Abin sirkin ma akwai magana, mata da yawa man kwakwa suke sa wa, a jiki ba laifi amma a fuska mai maiƙo yana toshe ƙofofin gashi ya ƙara kurajen da ake gudu, gara jel ɗin alobera mai kyau ko man jojoba ko wani man shafawa mara nauyi mara turare, ki juya sosai ya haɗe. In kin samu wanda kamfani ya riga ya haɗa aka rubuta 5% a jiki, wannan ya fi min kwanciyar hankali. Ki wanke fuska, ki bari ta bushe, ki ɗan taɓa a kan kurajen kawai safe da dare, nesa da ido da leɓe. Kuma ki ba shi sati 6 zuwa 8, wanda ya ce miki kwana uku yana son kuɗinki ne.

Kada ki ce za ki sirka shi da ruwa, wannan kuskuren kullum sai na gyara wa wata. Mai ne, ba ya narkewa a ruwa, in kin ɗiga a bokitin wanka ko a kofi zai taso sama ne ya tsaya ɗigo ɗigo da cikakken ƙarfinsa, duk inda ya sauka a jikinki kamar kin shafa tsantsa ne.

Kafin ya je fuskarki ma ki gwada a cikin damtsen hannu, ki shafa kaɗan daga wanda kika sirka ki bar shi kwana biyu. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi ko ƙananan ƙuraje masu ruwa, to jikinki ba ya so, ki haƙura da shi gaba ɗaya, ba wai a rage ba.

Abin da ya sa nake nanata maganar sirki, akwai wata yarinya da ta taɓa zuwa min shago saura kwana tara bikinta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ƙurji ɗaya ne ya fito mata a kumatu, ƙawarta ta ce ta jiƙa auduga da tsantsar titiri ta ɗora ta manne da filasta ta kwana da shi, da safe ta cire sai ga fata ta saɓule daidai faɗin audugar, wurin ya yi jajir yana tsattsafo da ruwa. Ƙurjin da in an bar shi sati ɗaya zai baje da kansa. Raunin ya warke kafin biki, amma baƙin tabon da ya bari sai da ya yi watanni, domin mu baƙar fata duk inda fata ta ƙone ko ta kumbura tabo take bari mai duhu, kuma tabon ya fi ƙurjin wuyar tafiya. Har yau in na ga ana koya wa mutane wannan dabarar ta auduga da filasta raina ɓaci yake.

Sai wata tambaya da ke kaɗai kika san amsarta, wane mai kike shafawa a fuska yanzu? Ina tambaya ne saboda yawancin kurajen da ake kawo min ba na ƙuruciya ba ne, na man bilicin ne da haɗe-haɗen nan da ake zuba sinadarin steroid a ciki irin su clobetasol, fata ta yi laushi ta yi haske sai ƙananan kuraje iri ɗaya su feso a goshi da kumatu. In wannan ne, ko tulu guda na titiri kika ƙarar ba za su tafi ba matuƙar ana ci gaba da shafa abin da ke kawo su, kuma fatar da bilicin ya cinye ta fi saurin ƙonewa da shi.

Amosanin kai kuma yana taimakawa. A gwajin da aka yi a 2002 da mutum 126, masu wanke kai da shamfu mai kashi 5 na titiri kullum har sati 4 sun samu sauƙin kashi 41 cikin ɗari, waɗanda nasu shamfun ba shi da shi kashi 11 kawai. Matsalarmu ita ce su kullum suke wankewa, mu kuwa mace ta yi kitso sai ya yi sati biyu uku ruwa bai taɓa kan ba, ga ɗankwali ga hijabi ga gumi. In za ki gwada ki bar kan a tsefe na ɗan lokaci ko ki yi manyan kalaba da za ki iya wankewa sau biyu ko uku a sati, ki bar kumfar ta zauna a fatar kai kamar minti 3 kafin ki ɗauraye, kuma ki tabbatar kan ya bushe kafin ki ɗaura. In bayan wata ɗaya babu canji ki koma shamfu mai ketoconazole, ya fi shi ƙarfi.

Ruɓewar tsakanin yatsun ƙafa, irin ta masu yawan shiga ruwa da masu wuni cikin sau ciki, yana rage ƙaiƙayi da wari, amma sai da ƙarfin kashi 25 zuwa 50 aka ga ya kashe cutar a wajen wasu, a wannan ƙarfin kuma wasu fatarsu ta yi bori, alhali ga man clotrimazole ko terbinafine nan da arha a kowane kemis. Farcen da ya yi kauri ya canza launi kuwa kar ki sa rai, wata shida ana shafa tsantsa a wani gwaji, waɗanda cutar ta mutu a farcensu ba su kai ɗaya cikin biyar ba.

Yanzu maganar yaronki, nan ne nake so ki saurare ni sosai Maman yara. Makeron jiki daban, makeron ka daban. Na ka cutar tana shiga cikin silin gashi ne har tushensa, inda babu wani man shafawa da yake kaiwa, ko na kemis ne balle titiri. Za ki ga saman ya yi kamar ya kwanta, garin nan fari ya ragu, amma tana nan a ciki tana cin gashi tana kuma yaɗuwa zuwa ga 'yan uwansa ta hanyar matashin kai da hula da mataji da kilifar mai aski. Maganinsa na sha ne, griseofulvin na sati 6 zuwa 8 ko terbinafine, kuma da nauyin yaro ake auna shi, shi ya sa sai an kai shi asibiti an ɗora shi a sikeli. In aka yi sakaci wani ya kan kumbura ya tara ruwa ya bar tabon da gashi ba zai sake fitowa ba har girmansa. Ki kai shi cikin satin nan, ki duba kawunan sauran yaran, ki wanke huluna da rigar filo da ruwan zafi, in da hali ki saya masa kilifarsa shi kaɗai. Ga kuma wani dalili da ya sa ba na son titiri a jikin ƙananan yara kullum kullum, a 2007 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta kawo labarin yara maza uku da nono ya fara fito musu suna amfani da kayan shafa masu man labanda, ɗaya daga cikinsu har da titiri, da aka daina sai ya koma. Masana suna ta muhawara a kan ko man ne sanadi, amma ni dai ban ga abin da za a rasa ba in an nisanta yaro da shi. Jariri kuwa ko kusa.

Sai sanyi. Gaskiya ne a ɗakin gwaji titiri yana kashe ƙwayar kandida, wato fangas ɗin da ke kawo wani nau'in sanyi, daga nan ne masu talla suka samo maganarsu, amma abin da ya yi a farantin gwaji ba shi ne abin da zai yi a jikin mace ba. Fatar gaba ba irin ta hannu ba ce, tana da taushi kamar cikin baki, na ga matan da suka yi matsi da shi ko suka zauna a ruwansa suka zo da kumburi ko fitsari ba sa iya yi saboda raɗaɗi. Sannan abin da muke tarawa mu kira sanyi cututtuka ne daban daban, akwai na kandida mai farin ruwa kamar kindirmo da ƙaiƙayi, akwai mai ƙarni wanda rikicewar ƙwayoyin wurin ke kawowa, akwai waɗanda ake ɗauka wajen saduwa, kowanne da maganinsa, wasu ma sai an haɗa da maigida an yi maganin tare in ba haka ba ya yi ta dawowa. Waɗannan na ƙarshen in aka tsaya ana ta matsi da kayan ƙamshi suna iya hawa sama su toshe hanyar ƙwai, a zo ana neman haihuwa ana kuka. Ki je a ɗauki ruwan a gwada, ba wani tsada gare shi ba, ki san da wa kike faɗa.

Na dawo kan shan da aka ce ki yi. An sha kwantar da yara a asibiti a kan ƙasa da mil 10 na man nan, wato ƙasa da cokali biyu, yaro ya fara tangaɗi kamar ya bugu, ya rikice, barci mai nauyi ya ɗauke shi, wani har ya suma. Manya ma yana yi musu. Kwalbar kuma ƙarama ce mai ruwan ƙasa, sak irin ta maganin yara, kuma kina da ɗan shekara biyar a gida, saboda haka kar ki ajiye ta a kan madubi ko cikin jaka, ki sa ta inda ake kullewa. In Allah ya kiyaye yaro ya sha, kar a sa masa hannu a baki don ya yi amai, man yana iya faɗawa huhu abin ya fi muni, kuma kar a tsaya ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba, a ɗauke shi da kwalbar a tafi asibiti ko da ya yi kamar lafiyarsa ƙalau. Kar a ɗiga a kunne, kar ya kusanci ido, mai shayarwa kar ta shafa a nono, mai ciki kuma ta tambayi ma'aikatan awo tukuna. In kuna da kyanwa a gida ita ma guba ne a gare ta ko a fata aka shafa mata.

Kwalbar da ke hannunki ma ki ɗauko ki duba. Ya kamata ki ga an rubuta Melaleuca alternifolia da ƙasar da aka yi shi da ranar lalacewa, kwalbar ta zama ta gilashi mai duhu mai ɗan bakin ɗigarwa. Jabu ya yi yawa, an sha gwada na kasuwa a ƙasashe daban daban a tarar an gauraya da wasu mayuka masu arha, to balle wanda aka ɗura a roba aka manna masa takarda a gida. Ki ɗiga ɗaya a farar takarda ki bari ya wuni, na gaske tashi yake ya bar wurin kusan babu alama, in ya bar shacin maiƙo kamar na ƙosai to an haɗa shi da wani mai. Wannan ba zai kama duk wani algus ba amma yana kama na kusa.

Kuma ko na gasken ne yana tsufa, wannan ne mutane ba su sani ba. Iska da haske da zafi suna canza sinadaran cikinsa, masu amfanin su ragu, wasu sababbi masu sa fata bori su ƙaru, shi ya sa za ki ji mace ta ce da ina shafawa lafiya lau yanzu kuma ƙaiƙayi yake sa ni, alhali kwalbar ce ta shekara biyu a kan taga. Da irin zafinmu na watan Afrilu da Mayu, wanda ya wuni a rana a kan teburin mai talla ya riga ya fara lalacewa tun kafin ki saya. Ki riƙa sayen ƙarama, ki rufe da kyau duk sanda kika ɗiga, ki rubuta ranar da kika buɗe a jikinta, in ta wuce wata shida zuwa shekara ko kika ga ya yi kauri ko ƙamshin ya koma kamar na fenti ki zubar. Wanda kika sirka kuma ki riƙa haɗa na sati ɗaya ko biyu kawai.

Ki rubuto min sunan man da kike shafawa a fuska da abin da aka rubuta a jikin kwalbar titirin, sai na faɗa miki ko ki ci gaba da ita ko ki nemi wata. Allah ya ba yaron lafiya, ki gaya min abin da suka ce a asibitin.